Tsofaffin gidajen Charleston a idon ɗan katako

Tun da na dawo daga Amurka, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, ka ga dogayen benayen nan masu taɓo gajimare?" Na gan su ta tagar jirgi, iyakarta ke nan. Garin da na yi mako bakwai a cikinsa, inda 'yata take aure, ba shi da irinsu. Sunansa Charleston, a jihar Carolina ta Kudu, a bakin teku. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1670, bayan shekara goma suka matso da shi kan wani tsibi na ƙasa tsakanin koguna biyu, Ashley da Cooper, inda yake har yau. Abin da mutane suke biyan kuɗin jirgi su je gani a can tsofaffin gidaje ne, wasu sun haura shekara 250, kuma da mutane a ciki suna kwana suna tashi.

Ni kuwa na fi shekara talatin ina sayar da katako a Bodija, mahaifina kuma, Allah Ya jiƙansa, kafinta ne a nan Sabo. Saboda haka in surukina ya ajiye ni a cikin gari ya wuce wurin aiki, sauran 'yan yawon buɗe ido suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto, ni ina sunkuye ina leƙen gindin ginshiƙi, ina ƙwanƙwasa ƙyaure in ji ƙararsa.

Abin da ya fara tsayar da ni fasalin gidan ne. Akwai wani irin gini da garin ya yi suna da shi: gida siriri mai faɗin ɗaki ɗaya tak, hawa biyu ko uku, kuma bai fuskanci titi ba. Kafaɗarsa ya ba titi, tsawonsa ya miƙe ciki. A jikin tsawon nan, ta kudu ko ta yamma, an kafa doguwar baranda, sau da yawa a kowane hawa. To ga ƙofa a bakin titi, mai kyau, da ado, da abin ƙwanƙwasawa na tagulla. Kai baƙo sai ka ɗauka in an buɗe maka ita ka shiga falo. Ina! In an buɗe, a kan baranda za ka tsinci kanka, iska tana kaɗa ka, kana kallon lambu. Ƙofar gidan ta gaskiya tana can tsakiyar baranda, sai mai gida ya ga dama zai wuce da kai. Da na gane haka sai da na yi dariya ni kaɗai a kan titi. Wannan ai zaure ne. Ka bar titi, amma ba ka shiga gida ba tukuna. An karɓe ka, an ba ka wurin zama da inuwa, sirrin gida kuma yana nan a rufe. Ban ce daga wurinmu suka koya ba, ko kusa. Zafi da maƙwabtaka ne suka koya wa kowa.

Zafin nan fa ba na wasa ba ne. Wanda ya san Legas a watan Maris ya san Charleston a watan Yuli: gumi, iska mai nauyi, sauro. Gidan da faɗinsa ɗaki ɗaya ne yana da taga hagu da dama, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, barandar kuma ta tare rana kafin ta daki bango. Tun babu lantarki balle fanka suka yi wannan lissafi. Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne bangon arewa. Tunda gidajen a jere suke, bayan gidanka shi yake kallon barandar maƙwabcinka. Sai suka rage tagogi a wannan bango, kuma ya zama ladabi a garin cewa ba a tsayawa a tagar arewa ana leƙen iyalin wani. Har suna suka ba wannan ladabi. Na tuna benen da aka ɗaga a layinmu shekarun baya, wanda tagoginsa shida suke zuba ido kai tsaye cikin tsakar gidan mutane, har matan gidan suka koma shanya da tsefe a cikin ɗaki.

Sai katako, wanda shi ne sana'ata. Ice biyu suka fi aiki da su. Ɗaya icen fadama ne da suke kira saifires, wanda a cikin ruwa yake girma, don haka laima ba ta saurin ruɓar da shi. Ɗayan kuma zuciyar wani irin icen fayin ne mai yawan ƙaro, ja, mai nauyi, da shi suke shimfiɗa daɓe. In ka dubi bakin katakon za ka ga layukan shekarunsa a matse kamar zaren saƙa, alamar icen ya daɗe a daji yana girma a hankali kafin gatari ya same shi. Duk ɗan katako ya san bambancin wannan da abin da muke sayarwa yau. Irokon da ubana yake aiki da shi sai ƙato biyu suke ɗaga falanki ɗaya. Na yanzu ana sare shi yana ɗanye, a tsaga shi yau, gobe yana kan mota, jibi kafinta ya buga, bayan damina ɗaya ƙofa ta murɗe ta ƙi rufuwa. A tsofaffin gidajen can, manyan katakan da suke ɗauke da rufi ba ƙusa ce ta riƙe su ba. A huda wannan, a fiƙe bakin wancan, a cusa, a buga turken ice ya ratsa su. Ice da ice tare suke kumbura da damina, tare suke motsewa da rani.

Akwai gidan wani attajiri mai suna Nathaniel Russell, wanda aka gama a 1808, yanzu gidan kallo ne. A cikinsa akwai matakala da ta nannaɗe kamar katantanwa har hawa uku, babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinta da ido zai gani. Kowane taki yana zaune a kan na ƙasa da shi, yana kuma ɗauke da na sama. Na daɗe a gindinta har mai yi mana jagora ta tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau, lissafin nake yi a zuci, kuma bai fita ba.

Bangon yawancin manyan gidajen na jan bulo ne, amma abin da ya haɗa bulon ba siminti ba ne. Ɓawon wasu halittun teku, dangin katantanwa, suke ƙonawa ya zama farar ƙasa, su kwaɓa da yashi. Wannan kwaɓi yana da taushi, yana barin laima ta fita. Masu gyaran tsofaffin gine-gine a can sun sha wahala kafin su gane cewa in ka cike tsagar tsohon bango da siminti, simintin ya fi bulon ƙarfi, sai ruwa ya maƙale a ciki, bulon ya riƙa ɓarewa. Jama'a, ba abin da ya faru da gidajen ƙasarmu na Sabo ba ke nan? Mun shafe bangon laka da siminti don a ce mun waye, laima ta taru a baya, wata rana sai ka ji rim, shafen ya zubo gaba ɗaya da rabin bangon. Tsofaffin magina sun faɗa tun lokacin, aka ce ƙauyanci ne.

A wajen gari, a bakin kogin Ashley, akwai wani gida mai suna Drayton Hall da aka gina a tsakiyar ƙarni na 18. Har yau ba a ja masa wayar lantarki ba, ba a sa masa famfo ba, kuma babu ko kujera a ciki. Da gangan aka bar shi haka, don mai kallo ya ga aikin hannun tsiransa.

Hannun wa? Nan ne maganar ta yi nauyi.

A jikin bulon wasu gine-ginen garin akwai sawun yatsu. Lokacin da bulon yake ɗanye ana juya shi don ya sha rana, sai yatsun mai juyawar su nutse, wuta ta zo ta ƙona su su zauna har abada. Wasu sawun ƙanana ne ƙwarai, na yara. Na sa yatsana a ɗaya, bai shiga ba. Bayi ne suka haƙo yumɓun, suka buga bulon, suka sare icen a fadama, suka ƙona farar ƙasar, kuma da yawa daga cikin kafintocin da maginan da maƙeran bayi ne. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta wannan tashar jirgin ruwa suka sauka. Dukiyar garin daga shinkafa ta fito, da baba, wannan dai baban da marina suke zubawa a karofi, daga baya kuma auduga. Shi kansa Russell mai matakalar nan, cinikin bayi yana cikin abin da ya tara kuɗinsa da shi.

Daga 1800 har zuwa 1865, bawan da ubangidansa ya ba da shi haya a cikin gari dole ya rataya wata 'yar lamba ta jan ƙarfe, wadda ake sabuntawa kowace shekara a biya wa hukuma kuɗi. A jikinta an buga shekara, da lamba, da sana'a: kafinta, ɗan dako, masunci, bara. Babu suna. Na ga irinsu a gidan tarihi. Mutum ya iya haɗa matakalar da ta gagari lissafina, amma lada ta tafi aljihun wani, sunansa kuma ko a kan lambar wuyansa babu.

Kaɗan ne sunansu ya tsira. Akwai Denmark Vesey, wanda ya ci cacar gari a 1799, ya fanshi kansa da dala 600, ya kafa sana'ar kafinta. A 1822 aka tuhume shi da shirya tawayen bayi, aka rataye shi, shi da wasu mutum 34. Akwai kuma wanda ya fi taɓa mini zuciya, ko da yake shi ba magini ba ne: Umar bin Sa'id, malami daga Futa Toro, wanda ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi. A Charleston aka sauke shi a 1807. Ya gudu daga ubangidansa na farko, aka kama shi a Carolina ta Arewa, aka same shi yana rubutun Larabci a bangon kurkuku. A 1831 ya rubuta labarin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Rubutun yana ajiye yau a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, shi kuwa yana bawa ya rasu. A daidai wurin da jiragen suke sauke mutane, wato tashar Gadsden, an buɗe gidan tarihin baƙaƙen Amurka a 2023. Na tsaya a bakin ruwan na karanta abin da ya sawwaƙa.

Wanda yake son ya ga yadda zaman yake sai ya je gidan Aiken-Rhett, na 1820, wanda ya taɓa zama gidan gwamnan jihar. Masu kula da shi ba su yi masa kwalliya ba, yadda suka same shi haka suka bar shi, fenti yana ɓarewa. A baya akwai tsakar gida da doguwar katanga, da madafi, da bargar dawaki, a samansu kuma ƙananan ɗakunan da bayi suke kwana. Daga barandar mai gida zuwa can bai fi taku talatin ba. A kasuwar garin kuma har yau jikokinsu mata suna zaune suna ɗinka faifai da kwando da wata ciyawar bakin ruwa, ɗinkin nannaɗe irin na iyayenmu. Da irin wannan faifan kakanninsu suke sheƙar shinkafa. Na sayo ɗaya, uwargida ta ce tsadarsa ta isa a sayi faifan Sabo gaba ɗaya.

Akwai mutum ɗaya da sunansa bai ɓata ba, garin kuma yana alfahari da shi: Philip Simmons, maƙeri, an haife shi a 1912, ya rasu a 2009. Yana ɗan shekara 13 ya shiga maƙerar wani dattijo wanda shi a cikin bauta aka haife shi. Da takalmin doki da gyaran keken doki ya fara. Da mota ta zo ta kashe wannan kasuwa, sai ya juya ga ƙofofin ƙarfe da shingaye da makaran taga, ya yi sama da guda 500, yawancinsu suna nan a titunan garin. Akwai wata ƙofa da ya yi wa maciji, in ka matsa kusa sai ka ga kamar zai motsa. A 1982 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma ta masu sana'ar gargajiya. Na je 'yar maƙerarsa a bayan gidansa: rumfar kwano ce, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki. Wallahi ba ta fi ta maƙeranmu na bakin kasuwa ba. Bambancin kawai, a can wani ya zauna ya rubuta cewa wannan ƙofa wane ne ya ƙera ta.

Kada a ɗauka gidajen nan sa'a ce ta tsare su. Gobara ta ci garin a 1740, ta sake a 1838, ta sake a 1861. Ran 31 ga Agusta 1886 girgizar ƙasa ta tsattsaga shi. Maimakon su rushe bangayen da suka buɗe, sai suka zura dogayen rodi masu kauri daga wannan bango zuwa wancan, suka sa faranti na ƙarfe da noti a waje suka ɗaure, gini ya koma ya haɗe. Farantan suna nan a jikin gidaje kamar maɓallan riga. Amma abin da ya fi girgizar ƙasa barna shi ne gidan mai da garejin mota, da attajiran wasu garuruwa masu zuwa su sayi ƙyaure da adon bango su kwashe. A 1920 wata mata mai dillancin gidaje, Susan Pringle Frost, ta tara mutane suka kafa ƙungiyar ceton tsofaffin gidaje. A 1931 garin ya zama na farko a Amurka da ya shata unguwa ya ce a nan ba mai rushewa ko ya sauya fuskar gini sai da izinin kwamiti. Da guguwar teku mai suna Hugo ta daki garin a Satumba 1989, sai aka nemi masu iya gyaran irin wannan aiki aka ga sun yi ƙaranci. Daga nan aka kafa makaranta sukutum inda yaro zai yi shekara huɗu yana koyon ƙira, ko sassaƙar dutse, ko shafe, ko haɗa katako, ya fito da digiri.

Sai dai akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da gidajen suka gyaru, kuɗinsu ya tashi, haraji ya tashi, haya ta tashi. Baƙaƙen da a da su ne suka fi yawa a tsakiyar garin, jikokin masu sawun yatsun nan, sai suka yi ta tattarawa suna komawa bayan gari. Wasu layukan da na bi da yamma tsit suke, fitila a kunne, fure a taga, babu yaro ko ɗaya yana wasa, saboda masu gidajen attajirai ne da suke zuwa hutu daga wasu jihohi. An ceci bango an rasa maƙwabci. In haka ne kuɗin adana gida, ni ban ga ribar ba, kuma ba shi nake yi wa Sabo fata ba.

Ita Sabo tun 1916 take, ta haura shekara ɗari. Gidajen da suka rage daga zamanin manyan masu gida, masu saukar fataken goro da na shanu, a yatsu za ka ƙirga su yanzu. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Mai gida ya rasu, magada ashirin, wasu suna Kano, wasu Legas, wasu ba su taɓa kwana a gidan ba. Hanyar da ta fi sauƙi a ba kowa haƙƙinsa ita ce a sayar, mai saye kuma shaguna yake so, don 'yan canji suna biyan haya mai tsoka. Ban ga laifin magada ba, gado haƙƙi ne, marayu da zawarawa kuma ba za su ci bango ba. Dokar gwamnati ma ba ita nake jira ba. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu a Legas tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma a 2016 aka wayi gari an baje shi.

Abin da nake gani muna iyawa ƙarami ne. Mai gidan da yake da rai da lafiya yana iya fitar da zaurensa ya yi wakafinsa, a rubuce, da shaidu, ya zama makarantar allo ko masaukin baƙo, sauran gida a raba yadda shari'a ta ce. Mai sabon gini yana iya gaya wa mai zanen cewa yana son zaure, kuma ba ya son tagar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ba ya ƙara ko buhun siminti biyar. Samarinmu masu manyan wayoyi kuma su ware Asabar biyu su bi layi-layi, su ɗauki hoton kowace tsohuwar ƙofa da kowane zaure, su zauna da dattawan da suka rage su tambaye su wa ya gina, wa ya yi ƙyauren, wa ya ƙera sakatar, fataken wane gari suke sauka a nan. Ni kaɗai na san ƙofofi huɗu a unguwar nan da ubana ya yi da hannunsa, biyu daga ciki sun riga sun shiga murhun masu tuyar ƙosai.

Saboda haka ga roƙona ga duk wanda ya riga ya yanke shawarar rushewa. Kafin lebura ya ɗora guduma, a aiko yaro ya kira ni, kowa ya san inda nake zama bayan La'asar. Zan zo da kafinta mu cire ƙyaure da tagogi da katakan rufi a hankali, ba tare da an tsaga su ba. In na tsohon iroko ne zan biya kuɗin da ya fi na itacen wuta nesa ba kusa ba, in rubuta sunan gidan a jiki, in ajiye a rumfata har a sami mai sabon ginin da zai ɗora su.